Daga Duwatsun Checheniya Zuwa Dazukan Tsafe: Shin Bindiga Kaɗai Na Riƙe Ƙasa?

Masana harkokin duniya sun daɗe suna tafka muhawara a kan wata tambaya da ta ƙi ci ta ƙi cinyewa, wato shin Rasha za ta iya ci gaba da riƙe al'ummomin da ke zaune a duwatsun Kaukasas da ke kan iyakarta ta kudu, irin su Checheniyawa da Ingushawa da ƙabilun Dagistan? An yi wannan tambaya a zamanin sarakunan Rasha, an sake yin ta a zamanin kwaminisanci, kuma har yau ba a daina yin ta ba. Mai karatu na iya cewa ina ruwan biri da gada, mu da muke fama da namu tashin hankalin a Zamfara me ya haɗa mu da duwatsun da ke da nisan dubban kilomitoci daga gare mu? Amsata ita ce, ni da nake rubuta wannan daga Damba, a gefen birnin Gusau, inda mutum kan ƙirga sa'o'in rana kafin ya hau hanyar Tsafe zuwa Funtuwa, ban ga wata tambaya da ta fi wannan kusa da mu ba. Domin kuwa idan aka cire sunayen wurare, abin da ake tambaya shi ne: da me hukuma ke riƙe mutanen da ke zaune a inda motarta ba ta zuwa, alƙalinta ba ya zama, kuma malaminta ba ya koyarwa?

Ra'ayina shi ne, a cikin shekaru 200 Rasha ta gwada hanyoyi biyu, wato murƙushewa da ƙarfin soja, da kuma sayen wani mai ƙarfi daga cikin 'yan tawaye a ɗora shi a kan sauran. Kowace daga cikinsu ta kawo shiru na wani lokaci, babu wadda ta kawo zaman lafiya. Mu kuma a Zamfara, daga 2011 zuwa yau, waɗannan hanyoyi biyu muke ta juyawa, ba tare da muna da ƙarfin Rasha ko aljihunta ba, alhali kuwa akwai hanya ta uku a cikin tarihinmu da muka yi watsi da ita.

Bari mu fara da ƙarfin soja. A 1818 Janar Yermolof ya gina wani sansani a bakin kogin Sunzha ya sa masa suna Girozni, ma'ana mai ban tsoro, kuma sunan ya dace da manufarsa, domin dabararsa ita ce ƙone ƙauyuka da lalata amfanin gona har sai mutanen dutse sun durƙusa. Abin da wannan ya haifar shi ne ya haɗa kan ƙabilun da a da ba sa ga-maciji da juna a ƙarƙashin tutar addini, har aka kai ga Imam Shamil, wanda ya karɓi jagoranci a 1834 ya kuma shafe shekaru 25 yana gwabzawa da daular da ta kori Napoliyon. A 1845 Rasha ta tura babbar runduna ƙarƙashin Boronsof ta kutsa cikin daji har ƙauyen Dargo, hedikwatar Shamil. Suka isa suka tarar an ƙone garin an watse, babu wanda za su yaƙa. A kan hanyar komawa ne mayaƙan Shamil suka yi ta ɗauke su ɗai-ɗai daga bayan itatuwa, har aka yi asarar dubban sojoji da wasu janar-janar. Ina roƙon mai karatu ya riƙe wannan labari na Dargo, domin za mu sake cin karo da shi a dazukanmu.

Sai bayan wannan kashi da suka sha ne Rashawa suka sauya salo. Suka daina shiga daji da gudu su fito da gudu, suka koma sare hanyoyi masu faɗi a cikin kurmi, suna gina sansani a duk inda suka isa, suna zama a cikinsa, sannan suna lallashin ƙauyukan da suka gaji da yaƙi da kuma tsananin mulkin wasu wakilan Shamil. Da haka ƙasa ta yi ta ƙanƙancewa a ƙarƙashin ƙafar Imam, har ya miƙa wuya a dutsen Gunib a 1859. Ba su kashe shi ba, suka girmama shi, daga baya suka bar shi ya tafi aikin Hajji, ya rasu a Madina a 1871. Amma tun da abin da aka kafa a bayansa mulkin mallaka ne na ƙwace filaye, ba a cika shekaru 20 ba sai da wani boren ya sake ɓarkewa a 1877.

Stalin kuwa ya ga ba shi da lokacin lallashi. A ranar 23 ga Fabrairun 1944 ya sa aka fara kwashe Checheniyawa da Ingushawa kaf, kimanin mutum rabin miliyan, maza da mata da jarirai, aka cusa su a taragon dabbobi zuwa Kazakistan da Kirgistan, bisa zargin cewa sun haɗa baki da Jamus. Ɗimbinsu suka mutu a hanya da kuma shekarun farko na gudun hijira, ba a kuma ba su izinin komawa gida ba sai a 1957. Idan har hukuncin gama-gari na iya kashe tawaye, to da wannan ya kashe shi har abada. To amma dubi waɗanda suka jagoranci yaƙin 1994. Johar Dudayef, wanda ya shelanta 'yancin Checheniya a 1991, yana jariri aka kwashe shi a 1944, a Kazakistan ya girma. Aslan Maskhadof, kwamandan mayaƙansa, a can gudun hijirar aka haife shi. Wato 'ya'yan waɗanda aka cusa a tarago ne suka dawo bayan shekaru 50 suka ƙone tankokin Rasha a titunan Girozni, a yaƙin da ministan tsaron Rasha na lokacin ya yi cika-bakin cewa cikin sa'o'i biyu zai gama shi. Hausawa sun ce abin da ka shuka shi za ka girba, ko da kuwa jikanka ne zai riƙe laujen.

An ƙare wannan yaƙi da yarjejeniyar Khasabyurt a watan Agustan 1996, sojojin Rasha suka janye. Shekaru uku da suka biyo baya su ne suka fi kama da halin da muke ciki. An yi sulhu, amma ba a karɓi makamai ba, babu kotu, babu albashi, babu aikin yi, kowane kwamanda ya zama sarki a yankinsa, kuma garkuwa da mutane don neman kuɗin fansa ta zama babbar sana'a a ƙasar. A 1999 wasu daga cikin kwamandojin suka afka wa Dagistan, Rasha ta sami hujjar dawowa, ta yi wa Girozni rugu-rugu.

A nan ne Putin ya ɗauko hanya ta biyu. Ya jawo Ahmad Kadirof, tsohon muftin 'yan tawaye, ya ɗora shi a kan mulki. Da bam ya kashe shi a filin wasa a ranar 9 ga Mayun 2004, sai aka shirya ɗansa Ramzan, wanda ya zama shugaba a 2007. Aka yi wa ɗaruruwan tsofaffin 'yan tawaye afuwa aka zuba su cikin dakarunsa, aka sake gina Girozni da dogayen benaye da katafaren masallaci, kuma kusan kashi 80 cikin 100 na kasafin kuɗin jamhuriyar daga Mosko yake zuwa. A 2009 Rasha ta shelanta kawo ƙarshen yaƙi. An sami shiru, ko shakka babu, sai dai shirun da ƙungiyoyin kare haƙƙin ɗan Adam suka sha bayyana yadda aka same shi: ɓacewar mutane, azabtarwa, da ƙone gidajen dangin waɗanda ake zargi. Wutar kuma ba ta mutu ba, ta dai koma maƙwabta. A 2022 mata a Dagistan sun fito zanga-zanga kan kwasar 'ya'yansu zuwa yaƙin Yukiren, a watan Yunin 2024 kuma 'yan bindiga suka kai hari a biranen Darban da Makachkala suka kashe 'yan sanda da fararen hula.

Saboda haka idan aka tambaye ni ko Rasha za ta iya riƙe Kaukasas, amsata ita ce za ta iya, matuƙar abubuwa uku na tsaye: kuɗin man fetur da take zubawa, tsoron da sojanta ke sa wa, da kuma biyayyar gida ɗaya da ta jingina komai a kansa. Tarihi kuma ya nuna cewa duk lokacin da Mosko ta yi rauni, kamar a 1917 da 1991, duwatsu kan motsa. Wannan riƙo ne irin na wanda ya danne murfin tukunya mai tafasa da hannu, ba zai iya sakin hannun ya yi wani aiki ba.

Kafin in dawo gida, wajibi ne in share wani ruɗani. Ba ina kwatanta ɓarayin dajinmu da Imam Shamil ba ne, Allah Ya sawwaƙe. Shamil malami ne da ya kare ƙasarsa daga baƙon da ya zo mamaya, Checheniyawa kuma al'umma ce mai harshe da ƙasa da buƙatar siyasa. Waɗanda ke kashe manoma a Tsafe da Bunguɗu ba su da tuta, ba su da aƙida, kuma mafi yawan waɗanda suke kashewa talakawa ne 'yan uwansu Musulmi, har da Fulani makiyaya da aka raba da shanunsu. Haka kuma gwamnatin Nijeriya ba baƙuwa ba ce a Zamfara. Inda kamar take shi ne a wajen hukuma: yadda take kallon mutanen gefen ƙasa, da kayan aikin da take ɗauka idan sun gagare ta. Al'ummar da ake tababa a kan riƙonta a nan ba 'yan bindiga ba ne, a'a, mazauna ƙauyuka da rugage ne da suka wayi gari suna biyan haraji ga mai bindiga kafin su yi shuka, su sake biya kafin su yi girbi, kuma wurinsa suke kai ƙara idan rigima ta tashi. Duk wanda ake biya wa haraji kuma ake kai wa ƙara, to shi ne hukuma a wurin, ko da kuwa taswira ta ce wani abu daban.

Wannan yanki namu bai taɓa zama mai sauƙin riƙo ba. Ƙasa ce ta duwatsu da kurmi a tsakanin Katsina da Zamfara da Zazzau, wadda magabata ke kira Katsina Laka. Dutsen Kwatarkwashi da duwatsun Tsafe mafaka ne tun fil azal ga duk wanda ba ya son hannun sarki ya kai gare shi, shi ya sa Kwatarkwashi ta riƙe sarautarta da al'adunta irin su kamun maiki har cikin ƙarni na 20. 'Yandoto, garin malamai da ya shahara tun kafin jihadi, ya ƙi karɓar kiran Shehu, sai da Muhammadu Bello ya ci shi da yaƙi wajajen 1806. Bayan haka ne Malam Sambo ɗan Ashafa ya kafa Gusau, kuma ita kanta Gusau sai da hare-hare suka sa mutanenta suka yi ƙaura zuwa Rawayya kafin su dawo. Garuruwan Zamfara sun yi ta bore lokaci zuwa lokaci, har zuwa na Talatar Mafara a 1891, zamanin Sarkin Musulmi Abdurrahman.

To da me Sakkwato ta riƙe wannan ƙasa kusan shekaru 100? Ba da hari kaɗai ba. Sarkin Musulmi Bello ya fahimci cewa rundunar da ke fita da rani ta koma gida da damina ba ta riƙe iyaka, saboda haka ya ɗauki tsarin ribaɗi, wato a gina gari mai ganuwa a bakin daji, a zaunar da mayaƙa da iyalansu a ciki, a ba su gonaki, a naɗa limami da alƙali, a buɗe kasuwa da makaranta. Ya kuma matsa wa Fulani makiyaya da su zauna a gari, su sa 'ya'yansu karatu, su koyi sana'a. Shi da kansa ya bar Sakkwato ya tare a ribaɗin Wurno, a can ya rasu a 1837. A cikin littafinsa Usulus Siyasa, wanda ya rubuta wa Sarkin Katsina Ummarun Dallaje, ya lissafa gina garuruwa da gyaran hanyoyi da kasuwanni da kula da masu sana'a a cikin wajiban shugaba. A gefe guda kuma, dubi Ningi. Tun da Malam Hamza ya bar Tsakuwa ta ƙasar Kano wajajen 1846 ya shige duwatsun Ningi, sarakunan Kano da Bauchi suka yi ta kai hari suna komawa, ba su taɓa zama a wurin ba, Ningawa kuma suka gagara fiye da shekaru 50, har zuwan Turawa a 1902. Ga misalai biyu a daula ɗaya, kowa ya ga wanda ya yi aiki.

Yanzu mu duba abin da muka yi a zamaninmu. Kowa ya san yadda abin ya faro: cinye burtali da makiyaya, satar shanu da ba a hukunta ba, zaluncin wasu alƙalai da 'yan sanda da masu sarauta a kan makiyayi, sannan 'yan sa-kai da suka shiga yanka mutane a kasuwanni ba tare da shari'a ba, sai ramuwar gayya ta biyo baya, ramuwar kuma ta rikiɗe ta zama kasuwanci. A watan Yunin 2013 aka kashe mutum 48 a Kizara ta ƙaramar hukumar Tsafe, a watan Afrilun 2014 aka kashe fiye da 100 a 'Yargaladima. Kwamitin da tsohon Sufeto Janar na 'yan sanda M.D. Abubakar ya jagoranta ya ba da rahoto a 2019 cewa daga 2011 zuwa wannan shekara an kashe mutum 6,319 a jihar, an sace 3,672, kuma fiye da 190,000 sun rasa matsugunansu.

Ta fuskar ƙarfi, an ƙaddamar da Harbin Kunama a Dansadau a 2016, aka zo da Hadarin Daji, aka zo da Fansan Yamma a 2024. An hana haƙar ma'adinai a 2019, an hana jirage shawagi a sararin jihar a 2021. Ban raina jinin sojojin da suka kwanta dama a waɗannan dazuka ba, kuma kashe irin su Halilu Sububu a watan Satumbar 2024 ba ƙaramar nasara ba ce. Sai dai sau nawa muka ji an fatattaki sansani a dajin Munhaye ko wani dajin, sojoji suka koma bariki, bayan mako biyu ɓarayin suka dawo suka huce a kan ƙauyen da suke zargi da tsegunta su? Wannan shi ne Dargo. An isa hedikwatar abokin gaba, an tarar ya watse, an juyo, talaka ya biya kuɗin tafiyar. Ya kamata kuma a tuna cewa faɗin Zamfara ya ninka na Checheniya fiye da sau biyu, dakarun da ke cikinta kuwa ba su kama ƙafar waɗanda Rasha ta jibge a can ba.

Mun kuma ɗanɗana namu hukuncin gama-gari. A watan Satumbar 2021 aka katse layukan waya a duk jihar, aka rufe kasuwannin mako-mako, aka hana safarar dabbobi da sayar da fetur a jarka. An yi haka da kyakkyawar niyya, kuma an ce ɓarayi sun ji jiki na ɗan lokaci, amma wanda ya fi jin jiki shi ne mai sayar da akuya ya sayi hatsi, da wanda aka kai wa hari ba shi da hanyar kiran agaji. A watan Janairun 2022, watanni kaɗan bayan haka, aka yi kisan Anka da Bukkuyum, wanda mazauna yankin suka ce ya ci kusan mutum 200. Haka nan bama-baman da suka faɗa kan fararen hula a Mutumji a watan Disambar 2022 da Tungar Kara a watan Janairun 2025. Duk yaron da ya ga an kashe ubansa ba da haƙƙi ba, ko jirgi ne ya kashe shi ko ɗan sa-kai, to an rubuta wa wani kacalla takardar ɗaukar sabon yaro.

Ta fuskar saye kuwa, gwamnatin Abdul'aziz Yari ta yi sulhu da Buharin Daji a ƙarshen 2016, bai daɗe ba ya wargaje. Gwamnatin Bello Matawalle ta sake yin nata daga 2019, har a 2020 ta yi tayin shanu biyu ga duk wanda ya miƙa bindiga ƙirar AK-47. Auwalun Daudawa, wanda ya jagoranci sace ɗaliban Ƙanƙara a watan Disambar 2020, ya zo Gusau a watan Fabrairun 2021 ya rantse da Alƙur'ani ya tuba, kafin ƙarshen Afrilu ya koma daji, a can aka kashe shi. Ƙololuwar abin ita ce watan Yulin 2022, lokacin da masarautar 'Yandoton Daji ta naɗa Ado Aleru Sarkin Fulani, mutumin da 'yan sandan Katsina suka sa ladar naira miliyan 5 a kansa tun 2020. Gwamnati ta dakatar da sarkin bayan ƙasa ta ɗauki zafi, amma tunanin da ya haifar da naɗin a fili yake: mu ba mai ƙarfi rawani ya tsare mana sauran. Wannan shi ne tsarin Kadirof, sai dai namu na talaka ne. Putin mutum ɗaya ya saya, yana da kuɗin biyansa duk shekara, yana kuma da sandar da zai buge shi idan ya kauce. Mu kuwa dajinmu kacalloli ne barkatai, ka sayi ɗaya goma su ga cewa kisa ne hanyar samun rawani, ga shi babu sandar. Shekara ba ta cika ba aka kwashe mutum fiye da 80, akasarinsu yara, a Wanzamai ta ƙasar Tsafe a watan Afrilun 2023, sannan a watan Satumba aka shiga Sabon Gida aka sace ɗaliban Jami'ar Tarayya ta Gusau, a bakin ƙofar babban birnin jiha.

Na san masu goyon bayan sulhu za su ce, kai da kake zaune kusa da birni kana iya cika baki, mu da muke ƙauye sulhun ne ya ba mu damar noma. Wannan magana ce mai nauyi, kuma ba na zargin manomin da ya biya kuɗi don ya tsira da ransa, domin wanda ruwa ya ci ko takobi aka miƙa masa kamawa zai yi. Wadda nake zargi ita ce hukumar da ta bar shi ba shi da wani zaɓi. Haka masu cewa a gama da su kawai, su ma suna da hujja, domin babu ƙasar da ke zaman shawara da wanda bai ji zafin hannunta ba. Amma a gama da su wa? Idan amsar ita ce duk wanda ke zaune a ruga, to wannan maganin Stalin ne, mun kuma ga abin da ya haifa bayan shekaru 50.

Abin da nake ganin ya dace shi ne a dawo da ribaɗi cikin rigar zamani. Na farko, duk dajin da aka karɓe a zauna a cikinsa, da sansani na dindindin da hanya mai kwalta da ke haɗa shi da gari, ko da kuwa hakan na nufin a riƙa karɓar gunduma ɗaya-ɗaya maimakon a bazu ko'ina a rasa ko'ina. Hanyar Gusau zuwa Magami zuwa Dansadau ta shafe shekaru tana koya mana cewa inda kwalta ta ƙare nan ikon gwamnati ke ƙarewa. Na biyu, a bayan soja alƙali ya biyo, da malamin makaranta da ma'aikacin asibiti da likitan dabbobi, a kuma fitar da burtali da makiyaya a shata su a rubuce, yadda makiyayi zai ga yana da abin da zai yi asara idan hukuma ta tafi. Na uku, shari'a ta hau kan kowa: kacalla da mai kai masa bayani da mai sayar masa da makami da mai sayen zinarinsa da shanun sata, haka ɗan sa-kai da ya kashe marar laifi. Kwamitin M.D. Abubakar ya nuna yatsa ga wasu masu sarauta da jami'ai, jama'a na da haƙƙin su ga an gurfanar da wanda ke da laifi an kuma wanke wanda ba shi da shi. Askarawan Zamfara da Gwamna Dauda Lawal ya ƙaddamar a watan Janairun 2024 su ma dole su kasance ƙarƙashin wannan doka, domin dakarun da ba sa tsoron kotu, komai kyan niyyar kafa su, gobe su ne matsalar.

Na huɗu, ƙofar tuba ta kasance a buɗe ga yaran da aka ɗauka suna 'yan shekara 13 ko 14 ba su san komai ba sai bindiga, amma bisa sharaɗin miƙa makami da barin daji, ba tare da rawani ko mota ko albashi ga shugabanninsu ba. Na biyar, jihohin yankin su yi magana da murya ɗaya. A 2025, yayin da gwamnatin Zamfara ke cewa ba ta sulhu, an ga Ado Aleru zaune a taron sulhu a ƙaramar hukumar Ɗanmusa ta Jihar Katsina. Ɓarawon da ya sami wurin hutawa a gabas, ai da ƙarfinsa zai fito aiki a yamma, kuma mutanen Tsafe ne ke tsakiya.

Wannan hanya tana da tsada, tana da jinkiri, kuma ba ta dace da wa'adin shekaru huɗu na ɗan siyasa ba, shi ya sa kowace gwamnati ke gudunta ta kama wadda za a gani a talabijin. A nan ne nauyi ya hau kanmu, mu 'yan boko da ma'aikata da 'yan kasuwar Arewa, waɗanda akasarinmu mun kwashe iyayenmu daga ƙauye mun kawo birni muna ganin mun tsira. Sace Sarkin Bunguɗu a hanyar Kaduna zuwa Abuja a 2021 ya isa ya nuna mana cewa babu wanda ya tsira. Mu ne ke rubuta kasafin kuɗi, mu ne ke zama a kotu, mu ne ke ba gwamnoni shawara. Idan ɗan takara ya zo neman ƙuri'a, kada mu tsaya ga tambayar za ka yi sulhu ko za ka yi yaƙi, mu tambaye shi gunduma nawa za ka mayar wa da alƙali da malami da kasuwa, kuma a wace shekara.

Rasha na da makaman nukiliya da rijiyoyin mai, amma bayan shekaru 200 har yanzu hannunta na kan murfin tukunya. Mu ba mu da ko ɗaya daga cikin biyun, abin da muke da shi shi ne mutanen dajin da na garin duk 'yan ƙasa ɗaya ne, addini ɗaya, kasuwa ɗaya, kuma kakanninsu sun taɓa zama a inuwar alƙali ɗaya. Wannan jari ne da Mosko ba ta taɓa samu ba a Kaukasas, kuma kowace shekara da ta wuce muna cinye shi. Allah Ya jiƙan waɗanda suka rasu, Ya kuɓutar da waɗanda ke hannu, Ya ba shugabanninmu basira da ƙarfin halin yin abin da ya dace, amin.